Mota mai ɗaki, karafan, tanti ko shiƙƙa: da wanne iyalinka za su zaga Saudiyya?

Da zarar hutun makaranta ya matso, ko sanyin Marba'aniyya ya fara shigowa a farkon Disamba, zancen kashta ne ke cika majalisun Hausawan Makka da Jidda da Madina. A da fitar yini ɗaya ce: a fita bayan gari, a shimfiɗa darduma, a dafa shayi da kabsa, a dawo gida kafin dare ya tsala. Yanzu da aka gyara Al'ula da ƙauyukan Asir da duwatsun Ha'il domin masu ziyara, magidanta da yawa suna son tafiyar mako guda da iyali, kuma motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki sun shiga ran mutane ƙwarai. A nan ake tsayawa ana jujjuya magana. A yi hayar mota mai ɗaki ko a saya? Ko a sayi karafan ta ja, wato ɗaki mai taya, a ɗaura wa jims, babbar motar nan ta GMC? Ko dai mota mai dabal, wadda ke ja da tayoyi huɗu, da tanti ta wadatar? Ko kuwa a hau motar da ke ƙofar gida a riƙa kwana a shiƙƙa mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki?

Ra'ayina tun daga farko shi ne, hanyar da za ka bi da mutanen da za ka ɗauka su ne ke zaɓar maka abin hawa. Kyan motar a hoto ba ya cikin lissafi.

Abubuwan da za a auna

Na farko sutura da banɗaki, kuma da gangan na sa shi gaban kuɗi. Namiji zai ɗauki butarsa ya zagaya bayan tudu, shi ke nan. Hajiya da 'yan mata fa? Inna mai ciwon gwiwa fa, ko Baba mai ciwon suga da ke tashi sau da yawa cikin dare? Tafiyar da mata suka sha wuya a cikinta ba a maimaita ta, ko da kuwa maigida ya ji daɗinta.

Na biyu hanya. Hanyoyin ƙasar nan iri uku ne ga mai yawon buɗe ido. Akwai shimfiɗaɗɗiyar kwalta, irin hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina, da wadda ta wuce zuwa Al'ula, da ta bakin teku daga Jidda zuwa Yanbu da Umluj. Akwai aƙabobi, wato hanyoyin da ke murɗewa suna hawa da sauka a jikin duwatsun Sarawat, daga Hada ta Ɗa'ifa har zuwa Baha da Abha. Sannan akwai rairayi da tsakuwa inda kwalta ta ƙare. Babu abin hawa guda da ya gwanance a duka ukun.

Na uku yanayi. Da rani tsakiyar ƙasa na haura digiri 45, sai a gudu kudu zuwa Abha da Baha, inda ake samun sanyi da hazo da ruwan yamma. Da hunturu kuma arewa ake nufa, inda dare a Al'ula ke kusantar sifili, a Tabuka da Ha'il ma yakan sauka ƙasa da haka, har ƙanƙara na rufe Jabal Lauz a wasu shekarun.

Na huɗu kuɗi, kuma a nan mutane ke kuskuren lissafi, domin mai suke fara tambaya. Tun Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashin fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18 kowace lita, mai lamba 95 kuma 2.33. Dizal ne ya yi ta hawa, daga riyal 1.15 a 2024 zuwa 1.66 a 2025. Ɗauki tafiya daga Jidda zuwa Al'ula ta Madina, kusan kilomita 750, zuwa da dawowa 1,500. Ƙaramar motar gida mai shan lita 9 a kilomita ɗari za ta ci fetur na kusan riyal 300. Mai dabal mai shan lita 14, kusan 460. Idan tana jan karafan har shanta ya kai lita 22, kusan 720. Babbar mota mai ɗaki irin ta Amurka mai shan lita 25, sama da 800 kaɗan. Ka ga tazarar da ke tsakanin mafi araha da mafi tsada ba ta wuce riyal ɗari biyar da 'yan kai ba. Kuɗin gaske yana wurin saye da haya da gyara da ajiya.

Na biyar takardu da wurin ajiya. Na shida haɗari, da kuma tambayar wa zai zo ya cece ka idan abu ya lalace a inda babu kowa.

Mota mai ɗaki

Abin da take bayarwa gaskiya ne, kuma babu mai musun sa. Ka tsaya a inda ka ga dama, Hajiya ta shiga banɗaki ba tare da ta fita waje ba, a dafa abinci a ci, yara su kwanta. Ga mai tafiya da tsoho ko mai jinya, wannan sauƙin ya fi duk wani lissafi. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta kuma tana da daɗin tuƙi idan ba a yi gudu ba. Za ta kai ka Badar, da Yanbu, da bakin ramin Wahba da ke arewa maso gabashin Ɗa'ifa, mai faɗin kusan kilomita biyu da zurfin kusan mita 250, domin kwalta ta kai har gefensa. Za ta kai ka Jubba, kusan kilomita 90 daga Ha'il, inda zanen mutane da raƙuma da namun daji na dubban shekaru ke jikin dutsen Umm Sinman, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

To amma waɗannan motoci an ƙera su ne domin iyalin Turai ko Amurka, kuma hakan na fitowa a wurare uku. Na ɗaya kujeru. Yawancinsu kujerun da ke da bel huɗu ne zuwa shida, ko da gadajen sun fi haka. Iyalinmu sau da yawa takwas ne ko goma, kuma ba ya halatta a zuba yara a kan gado mota tana gudu. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya jefa yaro kan kabad. Na biyu ruwa. Tankin irin na Turai bai cika wuce lita ɗari ba, akwatin banɗakinta kuma lita ashirin ko ƙasa da haka. An auna su ne da mutanen da ba sa tsarki da ruwa, ba sa alwala sau biyar. Mutum shida masu salla za su ga ƙarshen tankin nan cikin kwana ɗaya ko biyu, akwatin banɗakin kuma ya cika kafin haka. Wuraren da aka keɓe domin zubar da ƙazantar irin waɗannan motoci kuwa ba su yawaita a ƙasar nan ba, kuma zubar da ita a kwari ko gefen hanya laifi ne a shari'a da doka. Na uku wuta da gas. Wutar Saudiyya volt 230 ce mai bugun 60. Kayan Turai na bugun 50 ne, na Amurka kuma volt 120. Kan tukunyar gas ma ya sha bamban da na nan. Duk ana iya gyara su, amma kowane gyara kuɗi ne. Na'urar sanyaya ɗakin ma ba ta aiki da batir kawai na tsawon dare sai an yi mata babban tsarin sola da batira. In ba haka ba janareta ne zai kwana yana ƙara a kunnenka da na maƙwabta.

A aƙaba kuwa nauyinta shi ne abin tsoro. Gangaren Hada, ko na Baha zuwa Mikhwa mai ramukan dutse bi da bi, ko na Samma da ke sauka daga Suda zuwa Rijal Alma, wurare ne da birki ke zafi har ya daina kamawa idan direba ya ɗora ƙafa a kansa bai sauke giya ba. Ƙara da hazon da ke rufe hanya har ba ka ganin motar gabanka. Mai babbar mota da zai hau ko ya sauko Ɗa'ifa gara ya bi ta Sail Kabir, inda manyan motoci ke bi, ga kuma miƙatin Ƙarnul Manazil a kan hanyar ga mai niyyar umra. Rairayi kuwa kada ma a gwada. Idan ta kafe, ƙaramar saɗaha, wato motar ɗaukar motocin da suka lalace, ba za ta ɗauke ta ba, sai an nemo babba daga gari.

Batun takardu: lasisin tuƙi na khusus da yawancinmu ke riƙe da shi na motar da nauyinta bai wuce tan uku da rabi ba ne, kuma da yawa daga cikin manyan nan na Amurka sun haura haka. Ga mai iƙama kuma akwai ƙa'idojin Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, a kan irin motar da zai iya sa sunansa a istimararta, wato takardar rajistarta. Ka je ka tambaya da bakinka kafin ka ba kowa kafin alƙalami. Mai tunanin shigo da ita daga waje ya sa kuɗin kwastan da harajin kashi 15 cikin ɗari a lissafinsa, ya kuma tuna cewa akwai iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo.

Ƙarkonta ya danganta da inda take kwana. Motar da za a hau sati biyu ko uku a shekara, sauran watanni tana tsaye a rana, lalacewa take yi a tsaye: ƙaron da aka liƙe rufinta da shi ya tsattsage, tayoyi su bushe alhali zanensu bai ci ba, batir ya mutu, raɓar gishirin Jidda ta ci ƙarfen ƙasa. Kuma ina za ka ajiye ta? Wanda ke zaune a lungunan Masfala ko Shara Mansur ko Hindawiyya, ko Sabil da Gulail a Jidda, ya san ko ƙaramar mota da ƙyar take samun wurin tsayawa. Sai an kama hayar fili ko istiraha, wato gidan shaƙatawa na bayan gari, wani kuɗin wata-wata ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saboda haka haya ta fi saye ga kusan kowa a karon farko. Masu bayar da hayar ba su da yawa, kuma kuɗin kwana ɗaya yakan kai ko ya wuce na shiƙƙa mai kyau, amma abin da ka biya ya ƙare a nan. Kafin ka sa hannu ka tambayi iyakar kilomitar da aka yarje maka a yini, da abin da inshorar ta ɗauka da wanda ta bari a wuyanka, da ko an hana sauka daga kwalta, da wanda zai biya saɗaha idan injin ya tsaya. Ka tabbata an yi maka tafwid, wato izinin tuƙa motar, da sunanka a tsarin gwamnati, domin shingayen bincike suna kan kowace babbar hanya. Ka ɗauki hoton jikinta ciki da waje kafin ka tayar.

Karafan ta ja

Wannan ɗaki ne a kan taya, babu inji. Shi ya sa ta fi mota mai ɗaki araha nesa ba kusa ba, kuma abin lalacewa a jikinta kaɗan ne: tayoyi, birki, famfon ruwa, wayoyin wuta. Akwai na waje, akwai kuma waɗanda ake ƙerawa a nan cikin gida, masu faɗin majalisa da babban tanki da banɗaki irin wanda muka saba. Na gida sun fi fahimtar zafinmu da yawanmu, sai dai sun fi nauyi, kuma aikin kowace warsha, wato wurin ƙera su, daban. Wanda zai sayi ta hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, ya tafi da mai ido a kan walda, ya leƙa ƙarƙashinta, ya danna bangon ciki ya ji ko ruwa ya taɓa shiga ya ruɓar da katako.

Babbar falalarta ita ce ana kwance ta. Ka isa masauki, ka sauke ta, iyali su zauna a inuwa, kai kuma motarka ta koma sakayau. Da ita za ka shiga Wadi Disa a yankin Tabuka, inda ruwa ke gudana tsakanin jajayen duwatsu da dabinai, ko ka leƙa kasuwa ka sayo burodi ba tare da ka ja gida a bayanka ba. Mai mota mai ɗaki ba shi da wannan. Duk inda zai je sai an tattara kofuna an kulle kabad.

Wahalarta tuƙi. Ja da baya da karafan sana'a ce da ake koyo, kuma ba a gidan mai cike da mutane ake koyon ta ba. Haɗarinta mafi girma shi ne lilo: tirela ta wuce ka da gudu, ko iskar gefe ta buge ka a fili, sai karafan ta fara kaɗawa hagu da dama har ta rinjayi motar. Maganinsa a ɗora kaya masu nauyi a tsakiya bisa tayoyi da ɗan gaba, kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maɗaurin, a tabbata birkinta da fitilunta na aiki, kuma a rage gudu sosai. Allon hanya na iya cewa 120 ko 140, wannan ba da mai ja ake ba. Ba a barin kowa a cikinta ana tafiya, ko babba ko yaro. Kuma dole motar da ke jan ta ta kasance mai ƙarfin hakan, irin Land Cruiser ko Patrol ko jims. Idan sai ka sayi motar ja tukuna, arahar ta tafi. A aƙabobin kudu ban ba kowa shawarar jan karafan ba sai wanda ya daɗe yana yi. Matsalar wurin ajiya kuma tana nan yadda take.

Wanda ke son ɗanɗana kwanan karafan kafin ya saya, akwai masauki a Al'ula da ɗakunansa karafan ne na Airstream a kafe wuri guda. Yana da tsada, amma dare ɗaya zai nuna maka ko faɗin irin wannan ɗaki zai ishe ku.

Mota mai dabal da tanti

Wannan ita ce hanyar mutanen ƙasar tun asali, kuma ita ke kai mutum inda sauran ba sa zuwa: bakin tsaunin Tuwaiƙ da ake kira Jabal Fihrain, kusan kilomita 100 daga Riyad, da zanen duwatsun Shuwaimis, da tafkunan hanyar Zubaida da aka gina wa alhazan da ke tasowa daga Kufa tun zamanin Abbasiyawa. Ga jikokin mutanen da suka tako daga Kano da Sakkwato da ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan har Sawakin kafin su ƙetaro teku, tsayawa a bakin irin waɗannan tafkuna ba ƙaramin abu ba ne, kuma yara sun cancanci a nuna musu.

Idan kana da motar, kuɗin shiga kaɗan ne: tanti, da ruwaƙ na kare iska da idon mutane, da izba, wato akwatin kayan girki, mai dafur (murhun gas) da tukwane, da jarkokin ruwa, da injin hura taya, da igiyar ja, da shebur. Ana sayen su sannu a hankali, suna shiga store ɗin gida ko saman kabad, kuma kowane makanike a kowace sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ya san injin Toyota da Nissan. Ta fuskar ƙarko babu mai kama ƙafarta.

Rauninta dai shi ne ma'aunin da na sa farko. Ƙaramin tantin banɗaki da kujerar bayan gida ta tafi-da-gidanka suna rage matsalar sosai, kuma duk mai fita da mata ba tare da su ba bai kyauta ba. Amma ba su kai banɗaki mai ƙofa ba, kuma ba su hana sanyin asuba. Kafawa da kwancewa kullum ma aiki ne. Idan kowace rana za a canja wuri, kafin kwana na uku kowa ya gaji. Da rani kuwa, in ban da kan duwatsun kudu, ba a kwana a tanti.

Haɗarinta na da yawa, amma kusan duka ana iya kauce musu. Kada a kafa tanti a cikin kwari komai kyan inuwarsa, domin ruwa na iya sauka a dutsen da ba ka gani, ambaliya ta iso maka sama tana garau. Kada a shigar da garwashi ko kasko cikin rufaffen tanti a kwanta. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma duk hunturu sai jami'an Difa'ul Madani, masu kashe gobara da ceto, sun yi gargaɗi a kan haka saboda rayukan da ake rasawa. Ba a shiga rairayi da mota ɗaya, sai biyu, a sauke iskar taya zuwa awo 15 ko 18, a gaya wa na gida inda aka nufa da ranar dawowa, domin sabis na ɗaukewa. A Ɗa'ifa da Baha da Abha birai na yaga jaka su kwashe abinci, kuma ba su abinci ne ke ƙara musu ƙarfin hali.

Doka ma ta canja, wanda ya saba da kashtar da can ya kula. Kafa tanti a daji ko gandun gwamnati ba tare da izini ba tararsa na kaiwa riyal 3,000, haka ma hura wuta a inda ba a keɓe ba. Ɗaukar itacen ƙasar nan ko gawayinsa kuwa tarar na kaiwa riyal 16,000 a kan kowace kubik mita. Ana neman izinin ne ta manhajar Nabati ta cibiyar kula da tsirrai, itace kuma a sayi na waje da ake sayarwa a kasuwa. Wannan doka ta hau kan mai karafan da mai mota mai ɗaki daidai da mai tanti. Samun taya a ƙarƙashin ɗakinka bai ba ka izinin kwana ko'ina ba.

Motar gida da shiƙƙa

Mutane na raina wannan domin babu abin nunawa a cikinta. Amma ka duba wuraren tarihin da yawancin iyalai ke son gani. Hijir, wato Mada'in Salih, wuri na farko a Saudiyya da ya shiga jerin UNESCO a 2008, mai kaburbura 111 da Nabatawa suka sassaƙa a dutse da tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz: ba a shiga da motar kai, sai an yanki tikiti an ajiye mota an hau bas ɗinsu. Turaif a Dir'iyya, da Balad ta Jidda, da kogon dutsen Ƙara a cikin dabinan Ahsa, da ƙauyen Zi Ain a ƙasan Baha, da gidajen dutse na Rijal Alma masu zanen ƙaɗɗ da matan Asir ke yi a bango, duk da ƙafa ake zaga su, kuma filin ajiye motarsu ya fi son ƙarama. A waɗannan wurare babbar mota ba ta ƙara maka komai sai neman wurin tsayawa.

Akwai kuma abin da ya shafi Hijir musamman. Hadisin Ibnu Umar sananne ne, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai ana masu kuka, lokacin da ya bi ta nan a hanyar Tabuka. Dattawanmu da yawa, ko sun yarda a je domin wa'aztuwa, ba za su yarda a yada zango a dafa abinci a kusa ba. Garin Al'ula yana kusan kilomita 20 kudu da wurin, kuma ga irin wannan iyali kwana a gari ya fi kwanciyar hankali. Ka tambayi malaminka kafin tafiya, ka kuma ji ta bakin iyayenka.

Shiƙƙa na ba ka ɗakuna daban na maza da mata, da ruwan wanka, da kicin, da masallaci a kusa. Babu abin saye, babu abin ajiya, kuma Hajiya ma za ta iya karɓar tuƙi tunda an ba mata lasisi daga 2018. Aibinta farashi na ninkawa a lokacin da kowa ke so, Abha da Ɗa'ifa da rani, Al'ula da hunturu, don haka sai an kama wuri da wuri ta manhajar Gathern ko makamantanta. Hoto ma na iya yaudara, a karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta. Kuma tana sa mutum gaggawar isa masauki, har ya yi tuƙin dare a hanyoyin da raƙuma ke tsallakawa. Wannan shi ne haɗarinta na gaske: a tsara tafiya yadda za a sauka kafin magariba.

| Ma'auni | Mota mai ɗaki | Karafan ta ja | Mai dabal da tanti | Motar gida da shiƙƙa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Mafi tsada; haya ta fi | Matsakaici, in akwai motar ja | Kaɗan, in akwai motar | Babu |
| Sutura da banɗaki | Mai kyau, ruwa kaɗan | Mai kyau a zango | Rauni | Mafi kyau da dare |
| Babban iyali | Kujeru ba sa isa | Daidai kujerun motar ja | Daidai kujerun mota | Mafi sauƙi |
| Kwalta | Daɗi | Sai a hankali | Daɗi | Daɗi |
| Aƙaba | Wuya | Mafi haɗari | Lafiya | Lafiya |
| Rairayi | A'a | A'a, sai an kwance | I | A'a |
| Ƙarko da gyara | Kayan gyara na wuya | Sauƙi | Mafi ƙarko | Kamar kullum |
| Wurin ajiya | Sai an yi haya | Sai an yi haya | Cikin gida | Babu buƙata |

Ko wanne ka zaɓa, kowa a motar ya riƙe shaidarsa mai rai, a duba shekarar da aka buga a jikin kowace taya har da ta ajiya, kuma a adana lambobi: 911 a yankunan Makka da Riyad, 996 na tsaron manyan hanyoyi, 997 na motar asibiti. Mazauna Makka su tuna cewa daga ƙarshen watan Shawwal ana tsaurara shiga gari saboda Hajji, kada dawowar ta faɗo a lokacin ba tare da takardun da suka dace ba.

Wa ya dace da wanne

Idan ku huɗu ne ko biyar, da tsoho ko mai jinya a cikinku, kuma hanyarku Madina da Al'ula ce ko bakin teku da hunturu, ku yi hayar mota mai ɗaki ƙarama wadda lasisinka ya ɗauka, ku ƙara jarkokin ruwa. Saye sai ga wanda ya yi hayar ya ga ta karɓe shi, yana da inuwar ajiye ta, kuma zai riƙa fita kusan kowane wata.

Idan kana da jims ko Land Cruiser, da istiraha ko fili a bayan gari, kuma ɗabi'arku ita ce ku sauka wuri guda ku yi kwanaki, karafan ce taku. Ka yi ta koyon ja da baya a fili tukuna, ka kuma bar ta a gida duk ranar da aka nufi Abha.

Samari da abokai, ko iyalin da 'ya'yansu suka tasa kuma matan gidan da kansu suka ce suna so, mai dabal da tanti za ta kai su inda babu wanda ya kai, muddin motoci biyu ne da izini a hannu.

Iyali mai mutum takwas ko goma, ko wanda ya karɓi baƙi daga Kano da suka zo umra yana son nuna musu ƙasa, ko duk wanda Asir da Baha ne burinsa da rani, ya hau motar da ya sani ya kama shiƙƙa. Ya sa darduma da dafur da ruwaƙ a bayan mota, a yi kashtar yini a Ragadan ko a bakin Wahba, da yamma a koma inda akwai ruwan wanka da ƙofar kullewa.